Abin Da Na Gaya Wa Cindo a Tsakiyar Galma

Asabar ta goma sha ɗaya ke nan, Cindo,
da nake rufe shagon gyaran agogo a Tudun Wada,
in hau acaɓa zuwa bakin Galma,
in naɗe ƙafar wando, in miƙa maka ɗari biyar ɗinka.

Ka tuna ranar farko?
Na ƙanƙame gefen kwalekwale
har farcena ya bar shaida a jikin katako.
Ka ce, "Malam Haladu, saki.
Ruwan nan ko tsako ba zai ci ba."

Na saki. Na koyi riƙon filafili,
na koyi zama daidai tsakiya kamar ƙwai a cokali.
Na san inda bado ya yi shimfiɗa,
na san zalɓen nan mai ƙafa ɗaya
da ke kallonmu kamar mai bin mu bashi.
Masu rake a fadama suna ɗaga mini hannu yanzu.
Shekara talatin kunnena na cikin ƙas-ƙas na agogon mutane,
sai a nan na ji shirun da ba lalacewa ba ne.

To, jiya Nazifi, ɗan ƙanwata, ya nuna mini abu a waya.
Wani kogi ne, ban riƙe sunan ƙasar ba.
Ruwa ya yi fari fat don fushi,
yana dukan duwatsu, yana tafasa ba wuta.
Mutum shida cikin jirgin roba,
da hular kwano, da riga mai kumburi,
ruwa ya haɗiye su ɗungurungum,
na ce innalillahi,
sai ga su ya tofo su can ƙasa, suna ihu,
kuma ihun nan, Cindo, na daɗi ne.

Sau bakwai na sa yaron ya maimaita.
Tuwona ya huce.

Lantana ta ce, "Da hawan jinin naka?
Kai da ko tsani ba ka hawa sai an riƙe maka?"
Gaskiyarta. Ban musa ba.
Amma da dare na kwanta, gado ya riƙa tangaɗi,
na ji kumfa a gemuna.

Ba raina wannan na yi ba.
Ruwan nan mai ladabi ne, ya karɓe ni baƙo,
bai taɓa jiƙa mini ko hula ba.
Abin da ke damuna ke nan.
Duk abin da na taɓa a duniya a hankali na taɓa shi,
da ɗan hantsaki, da gilashi a ido ɗaya,
ina riƙe numfashi kada sukurun ya faɗi.
Ina so sau ɗaya wani abu ya ɗauke ni da ƙarfi,
ya jijjiga ni, in manta ƙarfe nawa.

Na fara tara kuɗi a gwangwanin madara.
Kada ka gaya mata.

Ka daɗe ba ka ce komai ba.
Kana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka,
ka tofar da asawaki, ka dube ni sama da ƙasa.
"Cikin Agusta Galman nan ma bakinta buɗewa yake,
ba sai ka je wata ƙasa ba.
Amma, Malam, ka iya iyo?"

Zalɓe ya sauya ƙafa.

Shi ya sa yau, ina da shekara hamsin da takwas,
ga ni a gaɓa, ruwa iya cibiya,
na rungume jarkar manja da ba komai ciki,
ina watsal-watsal da ƙafafu,
yara masu wankin babur sun bar aikinsu suna dariya.
Na sha Galma ya kai kofi uku.
Agogona na can cikin takalmi, ƙarƙashin mangwaro,
yana ta aikinsa shi kaɗai.