Bolonya a Idon Mai Gasa Bulo

A Maiwurno, bakin Shuɗin Nilu,
ina cuɗa laka da kashin shanu
wayata ta yi ƙara bayan la'asar.
Muzammil ne, autan gidanmu:
"Yaya, wanke hannu, zo ka ga Bolonya."

Ban wanke ba. Na goge a jallabiya.

Gari ne ja, kamar murhuna in ya huce,
bulo kan bulo har ido ya gaji.
Ya ce makarantarsu ta doshi shekara dubu.
A da, wai, ɗalibai ke haɗa kuɗi su ɗauko malami,
in ya makara su ci shi tara.
Na yi dariya har Tanimu ya saki shebur.

Ya bi da ni ƙarƙashin rumfuna,
rumfa riƙe da hannun rumfa,
ka ratsa gari ruwa bai taɓa littafinka ba.
Kekuna jingine kamar awaki a inuwa,
wata tsohuwa na murza taliya bayan gilashi,
yara masu jakunkuna suna musu da harsuna bakwai.

Sai hasumiya biyu, doguwa da gajera,
gajerar ta karkata kamar mai sauraron gulma.
Na ce, "Wa ya haƙa wannan harsashi?
Ƙasa ce ta ci amana, ko magini ya yi gaggawa?"
Ya ce ƙarni kan ƙarni haka take tsaye.
Na yi shiru.
Katangar da na yi wa Hajja Batul
damina uku ta sha, ta kwanta.

"Matso da wayar jikin bango."
Ya matso.
Ga gefen da wuta ta lasa fiye da kima,
ga gurbi kamar na yatsa kafin laka ta bushe.
Ashe wani ya tsuguna a can kamar ni,
bayansa ya ƙage kamar nawa.
Ba sunansa a jerin malamai,
amma shi ke ɗauke da rufinsu.

"Yaya, akwai sanyi. Ina kewar kisra."
Sai hoton ya daskare a kan bakinsa.

Kuɗin ɗakinsa na wata
murhu guda ne, in bai fashe ba.
Na ce, "Tanimu, kawo itacen.
Yau da dare za mu sa wuta."