Gado na Bakwai, Talata Mafara

Shekara talatin ina dafa mazarƙwaila,
raken Bakolori ya san hannuna.
Yau zaƙi ya biyo ni bashi,
ya kayar da ni gadon asibiti.

Da asuba Sista Kuluwa ta soki yatsa,
ɗigon jini ya tona asirin dare:
"Baba Nomau, wa ya kawo fura?"
Na dubi fanka.
Jikata Tumba ta dubi ƙasa.

Yanzu sai acca ludayi guda,
wake, kwaɗon zogale,
shayi tsura, mai ɗaci kamar gaskiya.

Masu dubiya sun jibge lemon kwalba ƙarƙashin gado,
na zama mai gadin dukiyar wani.

Jiya aka kwance ƙafar.
Gyambon ya fara kamewa.
Ni ma na kame bakina.