Rijiyar Wani

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo.
Janareton maƙwabci ya yi shiru,
firintar Hajiya Kulu ta ƙi gaisawa
da sabuwar babbar manhajar da na ɗora.

Na tono direbanta a wani gidan daban.
Wani bawan Allah ya rubuta shi
shekara goma sha ɗaya baya.
Ban san fuskarsa ba,
na dai san yadda yake ajiye waƙafi.

A goshin layukan ya bar lasisi:
ɗebi, gyara, raba,
amma sunana ya zauna inda na bar shi,
abin da ka gina a kai kuma
kada ka sa masa kwado.

Ladan ya ce, goge kawai,
wa zai biyo ka har Sakkwato?
Mu rufe, mu sayar wa masu shaguna.

Kakana ba ya buɗe littafi
sai ya faɗi bakin da ya ji karatun.
Rijiya ta bayar.
Ni guga, in hana?

Da asuba firintar ta yi tari,
ta turo shafi mai ɗumi.
Sunansa a sama.
Nawa a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.