Ɗan Haya Ya Tashi, Kayansa Na Nan

Ran Laraba bayan la'asar na cire shi.
Dannawa ɗaya, allo ya ce an gama.
Na fito baranda, Ƙofar Marusa na ta hayaƙin babura,
na kurɓi shayi kamar wanda ya sauke bashi.

Ɗan ƙarin manhaja ne, ɗan haya a gidanmu,
shekara uku yana lissafin takin da manoma suka ranta.
Gidan kuwa ba ɗaki ɗaya ba:
na'ura a nan Katsina, wata a Dutsin-Ma,
wata a Funtuwa, wata can Mai'aduwa bakin iyaka,
abin da ɗaya ta ji, sai ta tsegunta wa saura.

Ya tafi, amma bai share ɗaki ba.
Tabarmarsa na nannaɗe a rumbun bayanai,
ga makullan ƙofofin da aka riga aka toshe,
ga agogon da ya saita, kowace asuba
yana tashin wanda ba ya nan.

Barau ya ce, "Sa tsintsiya, kwashe duka."
Na sa. Uku suka amsa, tas.
Ta Mai'aduwa shiru, batirin sola ya mutu tun Litinin.
Ran Asabar ta farka, ta leƙa 'yan'uwanta,
ta ga giɓi, ta ce, "Wayyo, an yi muku sata!"
Don tsabar zumunci ta mayar musu da kome.
Gari ya waye, shara ta dawo tsakar gida.

Ashe binnewa ba ta isa ba
muddin akwai wanda bai ji rasuwa ba.
Sai an kifa kasko a kan makwanci,
matafiyi in ya dawo ya gani,
ya san da sani aka rufe, kada ya tone.

Na ɗaga hannu zan sake, Tasalla ta jawo kujera,
ta ɗora yatsa a layi na dubu biyu da tara:
"Iya Kyauta ce wannan. Buhu biyu. Ta biya.
In ka goge, wa zai tsaya mata
ranar da wani zai ce ba ta biya ba?"
Hannuna ya yi sanyi.

Muka ware nata da na ire-irenta,
muka ƙulle a ƙunshi guda, da kwanan wata a bakinsa.
Tarkacen da ya rage muka bi ɗaki-ɗaki,
ba ma wucewa
sai na'ura ta ce, "Na ji."
Mai'aduwa ta sa muka kai isha'i.

Yanzu in baƙo ya zo neman ɗaki
ba na tambayarsa me ya iya.
Cewa nake, nuna min bangon da za ka kafa ƙusa,
ka faɗa min wa zai zare ta ranar tashi.

Agogo ɗaya dai ya kuɓuce mana.
Jiya da asuba ya yi kira a Funtuwa,
sau uku,
ba wanda ya amsa.