Ƙoshiyar Kakuri

Ni ne Lawandi mai wanki, ni za ku tambaya.
Ba rigar ɗan wasan da ban matse ba a ƙungiyar nan,
na san gumin kowa tun ban ga lambarsa ba.
Shekara arba'in da ɗaya hannuna na cikin kumfa.
In tarihin Ƙoshiya kuke nema kada ku je ofis,
takardun can gara ta gama da su tun ba jiya ba,
abin da ya rage yana nan cikin zuciya.

Ba attajiri ya kafa ta ba, masaƙa ta haife ta.
Jiniyar tashi ta yi kuka ƙarfe biyu,
'yan aikin safe suka fito da auduga a gashin kai,
Jatau ya narka wa ƙwallon tsumma ƙafa ta haye katanga,
Zakka ya bi ta, 'yan aikin dare suka ce ba su yarda ba.
Aka auna raga da takalma,
aka tashi uku da uku, ba wanda ya kwashi kunya.

Ran albashi kowa ya ajiye sule biyar.
Rigar farko ƙyallen da inji ya ɓata ne,
shuɗi ya zubo kan fari a karkace.
Manaja ya ce a ƙone, suka ce a ɗinka.
Baƙo kan ɗauka ado ne.
Mu mun san rini ne ya saki hanya.

Sai shekarun da muka hau babban rukuni.
Bityong a raga, dogo kamar turken lantarki,
ya sumbaci gicciyensa kafin usur,
Ciroma mai lamba tara ya shafa fatiha a tsakiyar fili.
Daga hannun wannan sai ƙafar wancan,
yadda ƙoshiya ke ratsa zare ba ta neman izini.
Ranar kofi saura minti biyu Ciroma ya sa kai.
Jirgin ƙasa na wucewa, direba ya yi ta busa,
Talatuwa mai ƙosai ta rabar da kasko guda kyauta,
muka ɗauki kofin a ƙafa muka haye gada,
na rasa takalmi ɗaya, ban lura ba sai da safiya.

Daga nan injuna suka yi shiru, ɗaya bayan ɗaya.
Ciyawa ta tsiro a ƙofar masaƙa.
Albashi ya koma "sai wata mai kamawa",
muka gangaro rukuni biyu cikin damina uku,
'yan wasa suka tura motarsu da kansu a hanyar Zariya.

Shekarar da gari ya tsage a kan gada,
kowa ya tattara ya koma nasa gefen kogi,
Ciroma ya ɓoye Bityong kwana tara a ɗakin tsohuwarsa.
Ni kuwa kofin na tura ƙasan baho,
na lulluɓe shi da safa arba'in da ba a wanke ba.
Masu bincike suka leƙa, suka toshe hanci,
suka ja da baya.

Bara wani yaro mai kuɗin sayar da waya ya saye ta.
Ya kawo koci mai kwamfuta, ya kawo injin wanki,
ya ce a miƙe shuɗin nan, ya yi kama da ɓarna.
Tsofaffi bakwai muka zauna ƙofar ofishinsa har la'asar.
Shuɗi dai na nan a karkace.
Jikan Jatau ke sa lamba bakwai yanzu,
ya fi kakansa gudu, bai kai shi wayo ba,
ana ta raɗe-raɗin za a sayar da shi ƙetare.

An sallame ni da agogon bango da godiya.
Amma jar ƙasar Kakuri ba ta jin maganar inji.
Daren Asabar in an tashi wasa
sai ka ji sallama ƙasa-ƙasa a zaurena,
yaro riƙe da leda, yana waige-waige:
"Baba Lawandi, gwiwar wandon nan ta ƙi fita."
In ce ajiye nan, miƙo mini sabulu,
jawo guga, ga can rijiya.