Mai Yawo da Makirfo

Kwana uku aka ɗauke ni aiki a Garwa,
jaka biyar kullum, da riga mai tambari.
Nawa dai in kai makirfo bakin mai tambaya,
in tsaya kamar turke har ya ƙare.
Taro ne, in ji kyallen bakin ƙofa,
kan yadda mutum da na'ura za su fahimci juna.
Na ce ashe su ma sai an shiga tsakani.

Farfesa Hammadikko ya buɗe da jawabi,
awa guda cur, ko tari babu.
Ya ce fuskar waya ƙofa ce,
kuma duk ƙofa da wanda aka auna kafin a sassaƙa ta.
Na shafa goshina ban san dalili ba.

Sai masu maƙala, minti sha biyu kowa.
Wata a layin gaba riƙe da jan kwali,
in ta ɗaga, ko a tsakiyar Binuwai kake sai ka fito.
Wani ɗan Njamena ya shekara huɗu yana bin makiyaya
da waya mai jin Larabcin Shuwa,
kwalin ya tashi yana shekara ta biyu.
Ya haɗiye sauran, ya ce na gode.

A baranda aka baje fostoci,
kasuwa sak, sai dai ba tayi ba albarka.
Wadda ke kusa da butar shayi ta yi ciniki.
Na ƙarshen lungu bango yake wa bayani,
na ara masa kunne don tausayi,
ya riƙe ni har la'asar.

Mahawara: baki biyar, makirfo biyu.
Na sha gudu.
Wani ya ce tambayarsa gajeriya ce,
hannuna ya yi tsami bai iso ta ba.

A ɗakin bita sun manna ƙananan takardu a bango,
rawaya, kore, kowacce da ra'ayinta.
Da zafin azahar ya ci ƙarfin gam
suka yi ta kakkaɓowa kamar ganyen dalbejiya.
Ni na share.
Zaman ɗaliban dakta kam ba a bar ni shiga ba,
na dai ga sun fito kamar masu yankan albasa.

Rana ta uku, nuna na'urori.
Falmata, ɗaliba daga Marwa, ta kawo nata allon:
ka taɓa hoton kifi, ya gaya maka farashinsa a Lagdo.
Manya suka taɓa da yatsu masu santsi,
ya amsa, aka tafa.

Inna Kulu ta shigo kwashe kofuna.
Falmata ta ce, Inna, gwada mana.
Ta goge hannu a zane, ta dangwala giwan ruwa.
Shiru.
Ta sake. Ta danna har farcenta ya yi fari.
Shekara talatin na itace da ɓawon kifi da tafasasshen mai
sun yi wa yatsan takalmi,
allon bai ji an zo ba.
Ta ce, bai san ni ba.

Falmata ba ta yi dariya ba, ba ta ba da haƙuri ba.
Ta kama hannun, ta juya tafin,
ta daɗe tana karantawa,
sannan ta jawo biro.

Ni kuwa, ba wanda ya ɗaga mini hannu,
ƙafata ce ta kai ni.
Na miƙa makirfo bakin Inna,
muryarta ta cika zauren har baranda:
In ba ya jin hannu, 'yan nan,
ku yi masa kunne mana. Ai ina da baki.
Ta ɗauki tirenta ta fita.

Da yamma an raba kyaututtuka, an yi hoto.
Na cire batura, na mayar da riga.
A hanyar Yelwa na buɗe jadawalin da na tsinta,
na nemi zaman nan na Inna Kulu.
Uku zuwa uku da rabi,
abin da aka rubuta: hutun shayi.