Rijiyar Bakwai

An ɗauke wuta a Aboabo.
Na haska takarda da fitilar waya,
kalma ɗaya ta hana ni barci: Biyasheba.
Rabin farko bai yi gardama ba,
rijiya ce, na rubuta, na wuce.
Sheba ce ta yi mini kememe.

Ka karanta ta haka, bakwai ce.
Ka ɗan karkata harshe, ta koma rantsuwa.
Ibraniyawa sun zuba su a tulu guda,
ni kuwa Hausa ta miƙo mini tulu biyu,
ta ce in zaɓa.

Fasto Azundo ya ce, "Sa Rijiyar Rantsuwa mu huta,
mai ɗab'i na jiranmu a Adum."
Na ce to.
Ban sa ba.

Na tuna rijiyar bayan gidanmu,
wadda kakana Tahiru, mai fataucin goro,
ya haƙa tare da Kwaku Ansa, mai filin.
Wata shekara ruwa ya ja baya,
guga biyu suka yi karo a baki ɗaya,
aka yi zagi da Hausa, aka rama da Tonanci,
mata suka kwashe yara zuwa ɗaka.
Da la'asar kakana ya ƙirga goro bakwai, farare,
ya jera a kan murfin rijiya.
Kwaku ya daɗe yana kallo.
Sai ya ɗauki ɗaya, ya ɓare,
ya miƙo masa rabi.
Ba wanda ya ce wallahi.
Ba wanda ya aika a kira tafinta.

To, me zan kira abin da aka yi ran nan,
lissafi ko alkawari?

Yau an rufe rijiyar da siminti.
Adiza na suyar ƙosai a kanta,
jikokin Kwaku na karɓa bashi kafin makaranta,
ita kuma ba ta taɓa rubutawa ba.

Ladan ya yi kiran farko daga Asawase.
Na bar sunan yadda na same shi,
na sauka ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe:
rijiya ce, inda mutum biyu
suka ƙirga har bakwai, suka daina faɗa.

Fasto zai ce ya yi tsawo.
Wuta ta dawo, fanka ta ɗaga takardar,
na danne ta da kofin koko.